Ali Nuhu: Fina-finai bakwai da suka kafa sunansa, daga Sangaya zuwa Mansoor

Ali Nuhu ya fara fitowa a fim a shekarar 1999, kuma daga lokacin zuwa yau ya fito a ɗaruruwan fina-finai na Hausa da na Turanci. Masu kallo da abokan sana'arsa suna yi masa laƙabi da Sarkin Kannywood. A cikin aiki mai yawa irin wannan, dole a samu maimaici da abin da aka yi don kasuwa kawai. Amma akwai fina-finai ƙalilan da kowannensu ya buɗe masa sabon babi, wasu ma suka sauya alƙiblar masana'antar baki ɗaya. Wanda ya bi su a jere zai lura cewa sunansa ya kafu ne a kan yarima da saurayi mai waƙa, alhali gwanintarsa ta fi fitowa fili a inda aka ba shi matsayin mutumin da duniya ta juya wa baya.

Taƙaitaccen tarihinsa

An haifi Ali Nuhu a Maiduguri ranar 15 ga Maris, 1974. Mahaifinsa mutumin Balanga ne a Jihar Gombe ta yanzu, mahaifiyarsa kuma 'yar Bama ce a Jihar Borno. Ya tashi tsakanin Jos da Kano, ya kuma yi digirinsa a fannin ilimin labarin ƙasa a Jami'ar Jos. Wannan tashi a garuruwa biyu ya ba shi Hausar Kano da Turanci mai kyau, abin da ya amfane shi ƙwarai daga baya.

Lokacin da ya shigo, harkar fim ɗin bidiyo ta Hausa ba ta cika shekara goma ba, domin Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, shi ake lissafawa a matsayin na farko. Fim ɗin da Ali ya fara da shi shi ne Abin Sirri Ne. Kamfaninsa na FKD kuwa ya zama ɗaya daga cikin gidajen da suka fi yaye matasan jarumai.

1. Sangaya

Sangaya, na kamfanin Sarauniya da ke Kano, wanda Aminu Muhammad Sabo ya ba da umarni, shi ne ya mamaye kasuwa a shekarar 2000. Ali Nuhu ya fito a matsayin Maina, ɗan sarki mai ji da kansa, wanda ya ɗauki karan tsana ya ɗora wa Zubaina, wata yarinya mai hidima a gidan sarauta. Fati Muhammad ce ta fito a Zubaina. Daga bisani zuciyar yariman ta juya, wadda yake wulaƙantawa ta zama wadda ba ya iya rayuwa sai da ita.

Wahalar wannan matsayi ita ce dole mai kallo ya tsani Maina a farko, sa'annan ya yafe masa kafin fim ya ƙare. Ali ya yi amfani da ɗaure fuska da kallon raini a kashin farko, ya sassauta su sannu a hankali, har juyin ya zama abin da za a iya gaskatawa. Waƙar fim ɗin, wadda aka kaɗa da fiyano ana kwaikwayon amon kayan kiɗan gargajiya, ta shiga gidajen biki da shagunan kaset. Daga Ƙofar Wambai ake ɗaukar kaset ɗin zuwa Gusau da Ƙauran Namoda da Sakkwato, har ya ƙetara Maraɗi da Damagaram. Masu nazarin fim suna ɗaukar Sangaya a matsayin wanda ya nuna wa matasa da 'yan kasuwa cewa akwai kuɗi a harkar, abin da ya jawo tururuwar sababbin shiga.

2. Wasila

A cikin wannan zango ne Yakubu Lere ya shirya Wasila, Ishaq Sidi Ishaq ya ba da umarni. Ali ya fito a matsayin Jamilu, matashin magidanci mai tsananin son matarsa, wadda ta ci amanarsa da wani namiji. Wasila Isma'il ce ta fito a matsayin matar.

Labarin ya taɓa abin da ba a saba faɗa a fili ba, wato cin amanar aure daga ɓangaren mace, shi ya sa ya jawo muhawara a majalisu da mujallun fim. A nan ne aka fara ganin ɗaya fuskar jarumin. Jamilu ba shi da rawani ko dogarai, mutum ne da aka karya wa zuciya, yana fama da kunya da kishi da sauran son da bai mutu ba. Wanda ya kalli Sangaya da Wasila a shekara guda ya ga ɗan wasa ɗaya a matsayin mai wulaƙantawa da kuma wanda aka wulaƙanta, kuma duka biyun sun zauna masa.

3. Mujadala

Mujadala na FKD shi ne ya tabbatar da salon da aka san Ali Nuhu da shi shekaru masu yawa: soyayya mai sarƙaƙiya, da waƙoƙi, da rawa tsakanin saurayi da budurwa. An gina labarin a kan fim ɗin Indiya mai suna Dillagi, kamar yadda aka gina Khusufi a kan Taal. Wannan aro yana da tushe, domin tun shekarun 1960 gidajen sinima na Arewa suke nuna fina-finan Indiya, kuma jama'a sun ga kamanni tsakanin auren dole da kunya da biyayyar iyaye da ke cikinsu da nasu al'amuran.

Salon ya kawo kasuwa, ya kuma kawo suka. Malamai da marubuta sun zargi masu fim da shigo da baƙuwar al'ada, kuma sunan Ali yana kan gaba a duk lokacin da aka tayar da zancen. A ƙarshen shekarar 2000, bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci, Gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim na ɗan lokaci, sa'annan ta kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001. A wannan zamani ne kuma aka saba ganin Ali tare da Ahmad S. Nuhu, wanda ya rasu a hatsarin mota ranar 1 ga Janairu, 2007. Yawan haɗuwarsu a fim da kamancin suna sun sa masu kallo da dama suka ɗauka 'yan uwan juna ne na jini. Ali ya sake shirya Mujadala da sababbin jarumai a 2018.

4. Sitanda

Sitanda, wanda Izu Ojukwu ya ba da umarni a 2006, fim ne na Turanci. Ali ya fito tare da Stephanie Okereke, a matsayin miji mai ɗora wa matarsa alhakin duk wata musiba da ta same shi, saboda camfin cewa akwai la'ana a zuriyarta. Babu waƙa, babu rawa, babu Hausa, wato an raba shi da duk makaman da ya saba riƙewa.

A bikin ba da lambobin yabo na fina-finan Afirka, AMAA, da aka yi a Jihar Bayelsa a 2007, Sitanda ya zama gwarzon fim na shekara, Ali kuma ya karɓi lambar jarumi mai tasowa. Akwai abin lura a cikin sunan wannan lamba. Mutumin da ya shekara takwas yana jan kasuwar Arewa da Nijar, a idon alƙalan bikin sabon shiga ne. Wannan ya nuna kaurin katangar da ke tsakanin masana'antun biyu a lokacin. Bayan Sitanda ƙofa ta buɗe masa, ya fito a fina-finai irin su Last Flight to Abuja na Obi Emelonye a 2012, kuma wasu jaruman Arewa suka bi sawunsa.

5. Blood and Henna

A 1996 annobar sanƙarau ta auka wa Kano, inda kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya shafi yara kimanin 200. Goma sha ɗaya daga cikinsu sun rasu, wasu kuma suka nakasa. Shari'ar da ta biyo baya ta kai ga sulhu tsakanin kamfanin da Gwamnatin Kano a 2009 a kan Dala miliyan 75. A kan wannan al'amari Kenneth Gyang ya gina Blood and Henna a 2012.

Sadiq Sani Sadiq da Nafisat Abdullahi ne suka ja ragamar labarin, Ali kuwa ya fito a matsayin aboki. Muhimmancin wannan fitowa shi ne jarumin da ya fi kowa suna ya yarda ya koma gefe a fim ɗin da ba shi da tabbacin kasuwa, saboda nauyin abin da ake faɗa. Fim ɗin ya shiga takara a rukunoni da dama a AMAA ta 2013, ya kuma ci lambar tsara sutura. Ya zama hujja ga masu cewa jaruman Kano za su iya ɗaukar labarin siyasa da tarihi idan aka ba su rubutu mai ƙwari.

6. Confusion Na Wa

Idan ana neman inda Ali Nuhu ya fi nisa da Mainan Sangaya, to a nan ne. Confusion Na Wa, wanda shi ma Kenneth Gyang ya ba da umarni, ya fito a 2013, ya kuma zama gwarzon fim a AMAA ta wannan shekara. Labarin ya faro ne daga wayar salula da wasu zauna-gari-banza biyu suka sace. A cikinta suka gano cewa mai wayar, wanda Ramsey Nouah ya fito a matsayinsa, yana neman matar wani, sai suka shiga yi masa barazana don su karɓi kuɗi.

Mijin wannan mata shi ne Bello, matsayin da aka ba Ali. Bello ma'aikacin ofis ne mai gaskiya da haƙuri, wanda shugabansa yake taka shi, abokan aiki suke jibga masa nasu aikin, matarsa kuma ta raina shi a gida. Duk ma'aikacin gwamnati ya san irin wannan mutum, mai zuwa da wuri ya tashi a makare, amma ba a tuna shi ranar ƙarin girma. Ali ya taka matsayin da sunkuyar da kai, da muryar da ba ta tashi, da murmushin dole. Mai kallo yana ganin fushin yana taruwa tun kafin Bello ya ankara da shi, kuma da ya fashe bai sauka inda ya kamata ba. A fim ɗin da ya tara Ramsey Nouah da O.C. Ukeje, shirun Bello yana cikin abubuwan da suka fi zama a rai.

7. Mansoor

Zuwa tsakiyar shekarun 2010 kasuwar faifai ta durƙushe saboda satar fasaha da yaɗuwar tura fim ta waya. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, masu kallo kuma suka soma karkata ga talabijin da YouTube. A cikin wannan hali Ali ya shirya Mansoor a 2017, ya ba da umarni da kansa, ya kai shi sinima a Kano. Labarin wani saurayi ne da ya gano cewa akwai abin da aka ɓoye masa game da mahaifinsa, ya bazama nemansa.

Ali ya bar wa Umar M. Shareef da Maryam Yahaya jan fim ɗin, kuma daga nan tauraruwar Maryam ta haska. Mansoor shi ne alamar sauyin matsayinsa daga saurayin labari zuwa uba da ubangida, a gaban kyamara da bayanta. A shekarun da suka biyo baya ya ci gaba da fitowa a manyan ayyuka, ciki har da Amina na Izu Ojukwu, wanda ya hau Netflix a 2021, kodayake fim ɗin ya sha suka a Arewa saboda an ba da tarihin sarauniyar Zazzau da Turanci.

Abin da ya rage a kansa

A watan Janairun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya naɗa Ali Nuhu shugaban Hukumar Fina-finai ta Najeriya, mai hedikwata a Jos. A ƙarƙashin wannan hukuma ne cibiyar koyar da aikin fim da ma'adanar fina-finai ta ƙasa suke.

Wannan ya dawo da zance kan fina-finai ukun farko na wannan jeri. A kan kaset aka sayar da su, kaset kuwa zafi da ƙura da damina suna cinye shi. Abin da matasa suke samu a intanet a yau galibi kwafi ne na kwafi, hoto ya dushe, sauti ya shaƙe. An taɓa ganin yadda ake ceto irin wannan aiki: Shehu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya ɓace shekaru da dama kafin a gano shi, a gyara shi da taimakon wata cibiya a Jamus, a nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Fina-finan bidiyo na Kano na shekarun 1990 zuwa farkon 2000 suna buƙatar irin wannan kulawa tun masu riƙe da kaset na asali suna raye. Mutumin da ya fito a Sangaya da Wasila shi ne aka ɗora a 2024 a kan kujerar da za a iya ba da wannan umarni.