Fitilun filin sayar da motoci: yadda ake zaɓensu da abin da ke kashe su

Mai neman mota daga Gwiwa ko Roni galibi ta Kazaure yake bi, ya hau titin da ya taso daga Daura zuwa Kano, inda manyan filayen dillalan motoci suke. Wani lokaci tafiya da ciniki su kai shi magariba, ya zama a ƙarƙashin fitila zai duba motar da zai zuba wa tarin shekaru. A irin wannan fili aikin fitila biyu ne: nuna mota yadda take, da tsare ta daga masu kwance madubin gefe da batir cikin dare.

Tsofaffin fitilun da aka gada iri biyu ne. Akwai ta sodiyam mai haske ruwan ɗorawa, irin wadda aka saba gani a manyan tituna, akwai kuma farar nan mai zafi da ake kira metal halide, wadda ke ɗaukar mintuna kafin ta kama sosai idan an dawo da wuta. Ta sodiyam ba ta dace da cinikin mota ba ko kaɗan. A ma'aunin nuna launi, wanda hasken rana ke da maki 100, da ƙyar take wuce 25. A ƙarƙashinta farar mota da mai ruwan toka sukan yi kama da juna, ƙofar da aka sake wa fenti bayan haɗari kuma ta saje da sauran jiki. Fitilar LED mai kyau tana kai maki 70 zuwa 80, ko fiye. Duk da haka, mai saye mai hankali yakan jinkirta biya har ya ga motar da hantsi.

Farar LED ta samu ne bayan da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura suka ƙirƙiro shuɗiyarta, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2014. Abin da ya fi jan dillali gare ta shi ne lissafin wuta. A Afrilun 2024 hukumar NERC ta kai kuɗin yunit ɗaya naira 225 ga 'yan rukunin Band A. Fili mai tsofaffin fitilu goma masu wat 400, a kunne sa'o'i 12, yana shan yunit 48 a dare, wato naira 10,800 a wancan farashi. Idan aka musanya su da LED masu wat 150, waɗanda haskensu ya yi kusa da na tsofaffin, kuɗin zai dawo 4,050. Inda wutar KEDCO ba ta zama kuwa, janareta ne ke ɗaukar nauyin, kuma tun cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kowa ya san abin da kwana da janareta ke ci.

Shi ya sa ido ya koma kan sola, kuma a nan ne ake yawan cutar masu saye. Kasuwa cike take da fitilu masu haɗe da farantinsu, an rubuta wat 300 ko 500 a jikin kwali. Fitilar da ke shan wat 300 na gaskiya na tsawon sa'o'i 12 tana buƙatar yunit 3.6 kowane dare, abin da faranti mai faɗin tire ba zai tara ba ko a ranar bazara. Abin da ke faruwa shi ne ta haska da ƙarfi bayan isha, ta dushe kafin tsakar dare, daidai lokacin da maigadi ya fi buƙatarta. Abin tambaya ga mai sayarwa shi ne yawan lumen, wato ainihin hasken da take fitarwa, da girman faranti, da ƙarfin batir da irinsa.

Wurin kafawa ma yana da tasiri. Fitila ɗaya mai tsananin haske a kusurwa tana haifar da baƙar inuwa tsakanin layukan motoci, tana kuma kashe idon direbobi idan an ɗaga fuskarta zuwa titi. Fitilu matsakaita da yawa, masu kallon ƙasa, sun fi ta amfani, kyamarar tsaro ma ta fi ganin fuska a ƙarƙashinsu.

Waɗannan tambayoyi sun shafi mazaɓar Kazaure, Roni, Gwiwa da 'Yankwashi kamar yadda suka shafi dillali, domin irin fitilun ne 'yan majalisa ke kafawa da sunan ayyukan mazaɓu. Ƙungiyar BudgIT ta ce ta ƙirga ayyukan fitilun titi 1,477, na sama da naira biliyan 393, cikin waɗanda majalisar tarayya ta cusa a kasafin 2025. Bambancin shi ne dillali da kuɗinsa ya saya, don haka yakan sa yaro ya hau ya goge faranti idan ƙurar hunturu ta rufe shi, ya kuma canza batir idan ya gaji. Batir mai ruwa yakan mutu cikin shekara biyu zuwa uku a zafin arewa, na litiyam ya fi daɗewa. Fitilar titin da aka kafa ba tare da an ware kuɗin wannan kulawa ba, ranar da batirinta ya ƙare sai ta zama falwaya kawai a bakin hanya.