Famfon Kashe Gobara Mai Aiki da Kansa

Famfon kashe gobara mai aiki da kansa tsari ne na bututun ruwa da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin rufin gini, da ƙananan bakunan feshi a jere, kowanne a toshe. Da zarar zafin wuta ya kai ga baki ɗaya sai toshiyarsa ta ɓalle, ruwa ya zubo a kan wutar tun tana ƙarama, ko tsakar dare ne, ko mai gadi ya yi barci. Turawan Ingila suna ce masa sifirinkila, Faransawa ma sunan suka ara.

A Landan aka fara gwada dabarar. A shekarar 1723 wani mai haɗa magunguna, Ambrose Godfrey, ya yi rajistar ganga cike da ruwan kashe wuta, da ɗan gwangwanin albarushi a cikinta, da lagwani a waje. Wuta ta kama lagwanin, albarushi ya tashi, ganga ta tarwatse, ruwa ya watsu. A 1812 William Congreve ya saka babban tanki da bututu masu huda-huda a gidan wasan kwaikwayo na Drury Lane, wanda gobara ta cinye a 1809 aka sake gina shi. Masaƙun auduga na Lowell a Amurka sun ɗauki irin wannan daga 1852. Amma duk da haka sai mutum ya ga wutar ya murɗa famfo, kuma idan ya murɗa, ɗakin gaba ɗaya ke jiƙewa, har ɓarnar ruwa ta kan yi gogayya da ta wuta.

Wanda ya raba aikin da hannun mutum shi ne Henry Parmelee na New Haven a Amurka, mai masana'antar kayan kiɗa na fiyano. A 1874 ya ƙera baki mai murfi da aka liƙe da gamin dalma mai saurin narkewa, ya saka a masana'antarsa. Aibinsa guda ne: ruwan cikin bututu yana taɓa dalmar yana sanyaya ta, sai ta yi nawar narkewa. Frederick Grinnell na Providence, wanda kamfaninsa ke ƙera bakunan Parmelee, shi ya gyara wannan a 1881. Ya nisanta dalmar daga ruwa, ya kuma sa wani ɗan faifai mai haƙora a gaban bakin, wanda ruwa ke bugu ya baje kamar laima. Duk wanda ya ɗaga kai a babban otal a Yamai ko Kano ya ga ɗan ƙarfe mai kamar fure a silin, faifan nan ne yake gani.

Kamfanonin inshora ne suka yaɗa shi tun kafin gwamnati ta sa baki, domin suna rage kuɗi ga masaƙar da ta saka. Sai dai kowa da awonsa: a 1895 an tarar da tsarin girman bututu har iri 9 a kewayen Boston kaɗai. Wannan ruɗani ya sa aka kafa ƙungiyar kariya daga gobara ta NFPA a 1896, wadda ƙa'idarta mai lamba 13 ake bi har yau a ƙasashe da yawa. Doka kuwa ta biyo bayan makoki. Ranar 25 ga Maris 1911 wuta ta kama masana'antar ɗinki ta Triangle a birnin New York, mutum 146 suka rasu, yawancinsu ƴan mata, kana aka tilasta wa manyan masana'antun jihar saka famfon.

A yau toshiyar da aka fi gani ƴar kwalba ce siririya, ba ta kai ɗan yatsa ba, da ruwa mai launi a ciki da ƴar kumfar iska. Zafi ya kumbura ruwan, kwalba ta fashe. Launin ne ke faɗin awonta: ja tana fashewa a digiri 68, rawaya a 79, koriya a 93, shuɗiya a 141. Mutane da yawa suna zaton hayaƙin sigari na iya kunna ta, ko kuma dukkan bakunan gini suna buɗewa lokaci guda, kamar yadda ake nunawa a fim. A tsarin da aka saba, bakin da zafi ya kai gare shi ne kawai ke buɗewa. Inda ruwa zai yi ɓarna, kamar ɗakin kwamfuta, an daɗe ana amfani da iskar halon, har yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta kai ga daina yin ta saboda illarta ga sararin sama.

A ƙasar Hausa da kewayenta, gobarar da ta fi cin dukiya ta kasuwa ce, kuma sau da yawa da dare take tashi, lokacin da rumfuna ke kulle. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, ba a buɗe sabuwa ba sai 1987. Kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ƙone a Maris 2016, ta Sakkwato a Janairu 2021, ta Katsina a Maris na shekarar. Irin wutar nan, mai farawa a shago guda cike da atamfa ko katifa babu kowa kusa, ita ce ainihin wadda Parmelee ya yi wa magani. Abin takaici ne a ce ƴan kwana-kwana ne kaɗai madogara, su ma sai sun ratsa lunguna da motar da ruwanta ke ƙarewa cikin mintoci. Gobara mafi ciwo kuwa ita ce ta 8 ga Nuwamba 2021, da wuta ta kama azuzuwan zana a wata makaranta a Maraɗi, aƙalla yara 25 suka rasu. Can babu silin da za a rataya bututu. Matakin da gwamnati ta ɗauka shi ne hana sa ƙananan yara a ajin zana.

Don a ga inda famfon zai yi aiki, a ɗauki misalin Ɗan Issa, a gundumar Madarumfa: gari ne na bakin iyaka a kan hanyar Maraɗi zuwa Jibiya da Katsina, inda manyan motocin kaya ke tsayawa a duwan. Gidan ƙasa da rumbun kara ba nasu ba ne wannan famfo. Ɗakunan ajiyar kaya masu rufin kwano, da asibiti, da shagunan siminti, su ne za su iya ɗaukarsa, idan an sami ruwa mai ƙarfi. Baki guda na buƙatar matsi kamar na tankin da ya ɗara shi tsawo da mita 5, kuma yana zubar da kusan lita 60 a minti, wato fiye da jarka biyu, ga shi dole tankin ya zauna cike ko a tsakiyar bazara, ba a ɗiba don sha ko alwala. Sannan akwai fetur, wanda ake sayarwa a kwalabe da jarkoki a gefen hanyoyin iyaka. Fetur ya fi ruwa rashin nauyi, yana hawa kansa ya bi shi da wutar duk inda ya gangara, don haka ma'ajiyar mai sai famfon da ake haɗa ruwansa da sinadarin kumfa, mai lulluɓe man ya hana shi iska.