Baƙin Kwabo da Magadansa: Yadda Tara Kan Sarki Ya Zama Karatun Tarihi a Birtaniya

Sunan da Bahaushe ya laƙaba wa 'yar takardar nan da ake mannawa a bayan ambulan, wato kan sarki, yana ɗauke da tarihinta gaba ɗaya. Kan mai sarauta ne kuwa aka fara bugawa a kanta, na Sarauniya Biktoriya ta Ingila, a shekarar 1840. Lokacin da Turawan mulki suka fitar da kan sarkin Nijeriya ta Arewa a 1900, wannan sarauniya ce dai a jikinsa. A yau akwai mutanen da ke ƙarar da shekaru da dukiya wajen neman irin waɗanda aka buga a farkon al'amarin, har da takardun gwajin da maɗaba'a ta yi watsi da su. Mai kallo daga nesa yana iya ɗaukar wannan a matsayin wasan masu abin hannu. Tarihin sana'ar ya nuna wani abu dabam: waɗannan masu tarawa su ne suka adana shaidar yadda aka yi aikin, suka koyi karanta ta, har suka gano abubuwan da hukumar da ta buga takardun ba ta sani ba.

Kafin 1840, aika wasiƙa a Birtaniya sai mai hali. Ana lissafa kuɗin ne bisa nisan tafiya da yawan fallayen takarda, kuma galibi wanda aka aika wa shi ke biya. Falle ɗaya daga Landan zuwa Edinbara ya haura sule guda, kuɗin da ya yi wa lebura nauyi ƙwarai. 'Yan majalisa kuwa suna da damar aika nasu kyauta. A 1837 wani malamin makaranta mai suna Rowland Hill ya wallafa ɗan littafi inda ya nuna cewa ɗaukar wasiƙar daga gari zuwa gari ba shi ke cin kuɗi ba, yawan lissafi da bin gida-gida ana karɓar kuɗi su ne ke ci. Ya ba da shawarar a yanka farashi ɗaya mai sauƙi ga duk faɗin ƙasar, mai aikawa ya biya tun farko. Majalisa ta amince, kuma daga 10 ga Janairu 1840 wasiƙar da ba ta wuce rabin oza ba ta koma kwabo ɗaya. Adadin wasiƙu ya tashi daga kimanin miliyan 76 a 1839 zuwa kusan miliyan 169 a 1840.

Saura yadda za a nuna cewa an biya. Baitulmalin ƙasar ya buɗe gasa a 1839, aka samu shawarwari wajen 2,600, amma ba a ɗauki ko ɗaya yadda take ba. Daga ƙarshe aka koma ga fuskar sarauniya, saboda an lura cewa idon ɗan Adam ya fi saurin gane canji a fuskar da ya sani fiye da a kowane irin zane, don haka mai yin jabu zai sha wuya. An samo hoton daga wata lambar tunawa da William Wyon ya ƙera a 1837, Henry Corbould ya zana shi, Charles Heath da ɗansa Frederick suka sassaƙa shi a kan ƙarfe, kamfanin Perkins, Bacon da Petch ya buga. An fara sayar da shi ranar 1 ga Mayu 1840, ya fara aiki ranar 6 ga watan. Shi ne Penny Black, Baƙin Kwabo, kan sarki mai manne na farko a duniya. Ba a rubuta sunan ƙasa a jikinsa ba, domin babu wata ƙasar da za a bambanta shi da nata, kuma har yanzu Birtaniya ba ta rubuta sunanta a kan nata.

Wanda yake son fahimtar abin da masu tarawa ke nema, sai ya fara sanin yadda aka buga shi. Dabarar ta Jacob Perkins ce, mutumin Amurka. Ana sassaƙa hoton sau ɗaya a kan ɗan guntun ƙarfe mai taushi, a gasa shi ya yi tauri. Wannan ita ce uwar hatimi. Sai a danna wata 'yar gangar ƙarfe mai taushi a kanta har ta ɗauki hoton, ita ma a taurara ta. Daga nan a riƙa murza gangar a kan babban allon ƙarfe, gurbi bayan gurbi, har sau 240. Wannan adadi ba haka kawai aka zaɓe shi ba. Duk wanda ya riski tsohon kuɗi ya san kwabo 12 ke yin sule, sule 20 ke yin fam. Allon yana da layi 20, kowane layi guda 12, saboda haka layi ɗaya sule ne, falle guda kuma fam ɗaya cif. A kusurwoyin ƙasa biyu na kowane kan sarki akwai haruffa biyu masu nuna layinsa da gurbinsa, daga AA har zuwa TL. Waɗannan haruffa da hannu aka buga su ɗaya bayan ɗaya, kuma hannu ba ya maimaita kansa daidai wa daida: wani harafin ya ɗan karkace, wani ya matsa sama, wani an buga shi sau biyu.

Daga wannan 'yar tangarɗa ta hannun ma'aikaci aka samu ilimi sukutum. An yi amfani da alluna 11 wajen buga Baƙin Kwabo, na farkonsu kuma an yi masa gyara mai yawa har ana ƙirga shi biyu. Ke nan akwai gurabe 2,880, kowanne da kamanninsa. Masu tarawa suka duƙufa da madubin ƙara girma suna gwama dubban kan sarki, suna lura da zaman harafi da tabon ƙarfe da layin da aka manta ba a goge ba, har suka iya cewa wannan daga allo kaza ya fito, a gurbi kaza. Charles Nissen, wani dillali a Landan, ya fitar da littafin da ya tattara wannan aiki a 1922. Shekara biyu kafin nan Edward Denny Bacon ya wallafa tarihin bugun daga takardun kamfanin kansa. Da wannan ilimi ne aka san abin da ya yi ƙaranci da abin da bai yi ba. An buga Baƙin Kwabo sama da miliyan 68, kuma da yawa sun tsira, domin mutanen lokacin suna naɗe wasiƙa ne su manna kan sarkin a bayanta, duk wanda ya ajiye wasiƙa ya ajiye shi. Shi ya sa wanda aka riga aka yi amfani da shi bai fi ƙarfin mai matsakaicin hali ba. Amma allo na 11 guda 168,000 kawai ya buga da baƙar tawada. Kan sarki biyu na iya zama iri ɗaya a idon baƙo, alhali farashin ɗaya ya ninka na ɗayan sau da yawa. Haka nan, da yake ba a fara huda gefensu ba sai 1854, da almakashi ake yanka su, wanda aka yanka da kulawa har farin gefensa huɗu ya fito ya fi daraja nesa.

Bugun gwaji kuwa ya fi kan sarkin kansa ba da labari, domin shi ke nuna hanyar da aka bi da wadda aka fasa bi. Uwar hatimin da aka fara sassaƙawa a farkon 1840 an ƙi ta, saboda zanen bayan kan bai yi zurfin da ganga za ta ɗauke shi da kyau ba, sai da aka sake wata. Bugun gwajin ta farkon shi ne shaidar wannan tuntuɓe. Bayan fitowar Baƙin Kwabo kuma sai wata matsala ta ɓullo. Ana soke shi da jan hatimi mai siffar gicciye, jar tawadar kuwa tana wankuwa, sai marasa gaskiya suka riƙa goge ta suna sake amfani da shi. Aka ƙera ƙaramin allo na gwaji, aka riƙa buga hoton da launuka iri-iri, ana soke su, ana zuba musu sinadarai don a ga wace tawada ce za ta tona asirin mai gogewa. An shafe kusurwa ɗaya ta kowane hoto don kada wani ya manna shi a wasiƙa. Yawan launukan ya sa ake kiran wannan aiki gwajin bakan gizo. Sakamakonsa shi ne a Fabrairun 1841 aka mayar da kan sarkin ja, hatimin sokewa ya koma baƙi. Baƙin Kwabo bai cika shekara guda yana fita ba. Akwai kuma wanda aka shirya wa ofisoshin gwamnati mai haruffan V da R a kusurwoyin sama, aka buga shi, sannan aka fasa fitar da shi.

Abin da aka ƙi ya sha zama abin da aka fi nema. Daga 1864 Jan Kwabo ya riƙa ɗauke da lambar allonsa, 'yar mitsitsiya, a cikin adon gefensa. Allo mai lamba 77 an yi watsi da shi saboda hotunan ba su jeru yadda hujin gefe zai faɗa daidai ba. Duk da haka 'yan ƙwarori sun sulale zuwa hannun jama'a, kuma waɗanda aka tabbatar da ingancinsu ba su kai goma ba. An sayar da ɗaya a 2016 a kan fam 495,000. Inda kuɗi ya kai haka, maƙaryaci ba ya nisa: an sha kankare lambar 1 daga na allo 177 don ya koma 77. Abin da ke kama irin wannan shi ne ilimin zaman haruffa, domin harafin allo 177 ba zai zauna inda na 77 ya zauna ba.

Babban misalin abin da idon mai tarawa ya iya shi ne labarin gidan wayar kasuwar hannun jari ta Landan. A 1872 da 1873 ana biyan kuɗin tangaraho a can da koren kan sarki na sule guda, wanda ma'aikaci ke mannawa a takardar saƙo ya soke nan take, takardar kuma ta shige ma'ajiya. Wani ya riƙa manna na jabu yana soke kuɗin a aljihu, kuma hukuma ba ta farga ba. Sai a 1898, da tsofaffin takardun da aka ware don lalatawa suka faɗo kasuwar masu tarawa, Nissen, yana saurayi a lokacin, ya lura cewa wasu ba su da alamar nan ta cikin takarda wadda ake gani in an ɗaga ta a haske, wasu kuma suna ɗauke da haɗin haruffan da babu shi a allon gaskiya. Shekara 25 sun riga sun wuce, ba a hukunta kowa ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma wanda ya kai ƙarshen wannan ramin dillalin kan sarki ne. A yau na jabun ya fi na gaskiyar tsada.

Da a hannun 'yan kasuwa kaɗai waɗannan kaya suka tsaya, da ilimin ya watse da mutuwar masu shi. An kafa ƙungiyar masu nazarin kan sarki ta Landan a 1869, kuma Sarki Joji na Biyar ya shugabance ta kafin ya hau gadon sarauta. Tarinsa ya cika kundi 328. Thomas Tapling, ɗan majalisa da ya rasu a 1891, ya bar wa ƙasa nasa tarin, yana nan a Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya. A 1965 Reginald Phillips ya ba da kyautar tarinsa na zamanin Biktoriya, mai ɗimbin zane-zane da bugun gwaji, wanda ya zama harsashin gidan tarihin gidan waya. Lokacin da kamfanin Perkins Bacon ya durƙushe a 1935, ƙungiyar nan ta Landan ce ta karɓi takardunsa. Muhimmancin wannan ya bayyana shekara biyar bayan haka, sa'ad da bama-baman Jamus suka ƙone maɗaba'ar De La Rue, wadda ta gaji aikin buga kan sarkin Birtaniya.

Kasuwa tana da nata tasirin, kuma ba duka ne alheri ba. Tun da Stanley Gibbons ya fara fitar da kundin farashi a 1865, kuɗi ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da ilimi. Farashi ya taimaka, domin abin da aka san yana da daraja ba a jefa shi a shara. Amma farashin ne kuma ya sa aka ɓamɓare kan sarki daga wasiƙun da ke nuna ranarsu da garinsu, aka yayyanka fallayen gwaji aka sayar ɗaiɗai, aka kulle wasu a akwatunan banki inda mai nazari ba ya kai gare su. Kasuwar ma ba ta da tabbas. A Disambar 2021 aka kai wani Baƙin Kwabo gwanjo a Landan, manne a takarda mai kwanan wata 10 ga Afrilu 1840, ana sa ran fam miliyan 4 zuwa 6, aka tashi ba wanda ya saya. Rashin mai saye bai rage komai daga abin da takardar ke shaidawa ba.

Darajar da ba ta hawa da sauka ita ce ta shaida. Hukumomi sukan adana abin da suka yi nasara a kai, su share tuntuɓensu. Mutanen da suka tsaya tsintar uwar hatimin da aka ƙi, da allon da aka yar, da jabun da aka rasa ganewa, su ne suka bar mana hanyar sanin yadda wata ƙasa ta yi fama, cikin watanni kaɗan na 1840, da tambayar yadda za a amince da guntuwar takarda a matsayin kuɗi. Aikin da ya rage wa magadansu shi ne su bar wannan shaida a haɗe, kuma a inda mai neman sani zai iya ganinta.