Yadda ake auna zaɓen sababbin 'yan wasan besbol a Amurka

A kowace shekara ƙungiyoyi 30 na babbar gasar besbol ta Amurka da Kanada, wato MLB, sukan zauna su raba wa junansu matasan da ba su taɓa buga wasan don a biya su ba. Kowace ƙungiya kan kira suna ɗaya idan aka zo kanta, a zagaya, a sake dawowa, har a yi zagaye 20.

Da zarar an kammala, jaridu da gidajen talabijin kan fara ba ƙungiyoyin maki. Sai dai masu lura da harkar na cewa ba a sanin ingancin zaɓe sai bayan shekara biyar ko fiye. Zaɓen da ƙungiyar Oakland Athletics ta yi a 2002 na cikin waɗanda aka fi tafka muhawara a kansu, kuma yana nuna abubuwan da ake dubawa kafin a yanke hukunci.

Asalin tsarin

An fara wannan zaɓe ne a 1965. Kafin nan kowace ƙungiya na iya neman duk yaron da take so, abin da ya ba masu hannu da shuni damar kwashe na kirki. A 1964 ƙungiyar Angels ta biya wani ɗalibin jami'a, Rick Reichardt, kimanin dala 200,000 don ya sa mata hannu, kuɗin da ya tayar da hankalin masu ƙungiyoyi. Wanda aka fara zaɓa a sabon tsarin shi ne Rick Monday, kuma Athletics ce ta ɗauke shi, lokacin tana birnin Kansas City.

Manufar ita ce ƙungiyar da ta fi shan kashi a kakar da ta wuce ta riga saura zaɓe. Daga 2023 an koma yin ƙuri'a kan gurabe shida na farko, domin hana ƙungiyoyi faɗuwa da gangan. Yawan zagayen ma ya sauya: ya kasance 50, ya koma 40 a 2012, ya sauka zuwa biyar a 2020 saboda annobar korona, sannan ya tsaya a 20 tun daga 2021.

Zaɓen ya shafi mazauna Amurka da Kanada da Puerto Rico ne, waɗanda suka gama sakandare, ko suka yi shekara uku a jami'a, ko suke karatu a ƙananan kwalejoji. Matasan sauran ƙasashe, kamar Jamhuriyar Dominika da Benezuwela, ana ƙulla yarjejeniya da su ne kai tsaye. Ta wannan hanya Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu ya shiga ƙungiyar Pittsburgh Pirates, ya kuma buga mata wasa a babbar gasa a 2017.

Dalilin da ya sa abin ke da muhimmanci

Ɗan wasan da ƙungiya ta zaɓa yakan kasance a ƙarƙashin ikonta har sai ya yi shekara shida a babbar gasa. A shekaru ukun farko, yawanci albashinsa ba ya nisa da mafi ƙarancin da doka ta tanada, wanda ya kai dala 760,000 a 2025. Manyan taurari kuwa da suka samu 'yancin zaɓar inda za su yi wasa suna karɓar sama da dala miliyan 30 a shekara.

Saboda haka ƙungiyar da ba ta da kuɗi ba ta da wata hanyar samun tauraro da ta wuce ta gano shi yana yaro. Idan ta yi kuskure shekara biyu ko uku a jere, takan daɗe a ƙasan teburi, manajoji da masu farautar 'yan wasa kuma su rasa aikinsu.

Su ma matasan, rayuwarsu ce a kan sikeli. Yaro mai shekara 18 zai zaɓi tsakanin karɓar kuɗi nan take, ko tafiya jami'ar da ta ba shi gurbin karatu kyauta. Akasarin waɗanda ake zaɓa ba sa taɓa kaiwa babbar gasa. Sukan ƙare a ƙananan rukunai, inda ake hawa mataki-mataki, daga rukunin sababbin shiga har zuwa wanda ake kira Triple-A.

Ido ko alƙaluma

A besbol, mai jifa kan wurga ƙwallo, mai sanda kuma ya yi ƙoƙarin bugunta ya ruga ya zagaya tashoshi huɗu. Idan ya dawo inda ya fara, an ci maki ɗaya.

A al'adance, masu farautar 'yan wasa kan bi filaye suna kallon yara, suna ba su maki daga 20 zuwa 80, inda 50 ke nufin matsakaicin ɗan wasan babbar gasa. Abubuwa biyar suke dubawa ga mai sanda: iya samun ƙwallo, ƙarfin bugu, gudu, iya cafe ƙwallo, da ƙarfin hannu wajen jifa. Ga mai jifa kuwa, ana duba saurin ƙwallonsa, da yadda yake lanƙwasa ta, da iya saita ta inda yake so.

Masu alƙaluma na ganin ido na iya ruɗuwa da kyawun ƙira. Shugaban harkokin wasa na Oakland a lokacin, Billy Beane, ya san haka a kan kansa. Ƙungiyar New York Mets ta ɗauke shi a zagayen farko a 1980 yana ɗan sakandare, ana yi masa kallon tauraron gobe, amma bai yi wani abin a zo a gani ba a babbar gasa.

Shi da mataimakinsa Paul DePodesta, wanda ya karanta ilmin tattalin arziƙi a jami'ar Harvard, sun fi ba da ƙarfi ga yawan lokutan da mai sanda ke isa tashar farko ba tare da an fitar da shi ba, ko ta wace hanya ce. Sun kuma fi son ɗaliban jami'a, saboda suna da alƙaluman wasanni masu yawa da suka buga da tsararrakinsu masu ƙarfi.

Abin da Oakland ta yi a 2002

A waccan shekara albashin 'yan wasan Oakland gaba ɗaya kimanin dala miliyan 40 ne, na New York Yankees kuwa ya haura miliyan 120. Taurarinta uku, Jason Giambi da Johnny Damon da Jason Isringhausen, sun koma ƙungiyoyin da suka fi ta kuɗi. A matsayin diyya, dokar lokacin ta ba ta ƙarin gurabe, sai ta samu bakwai a cikin 39 na farko.

Dukkan bakwai ɗin ɗaliban jami'a ta ɗauka: Nick Swisher a gurbi na 16, Joe Blanton na 24, John McCurdy na 26, Ben Fritz na 30, Jeremy Brown na 35, Steve Obenchain na 37, sai Mark Teahen na 39. Marubuci Michael Lewis ya ba da labarin zaɓen a littafinsa Moneyball na 2003, wanda aka mayar fim a 2011.

Wanda aka fi cece-kuce a kansa shi ne Brown, ɗalibin jami'ar Alabama mai jiki, wanda masu farauta suka raina saboda ƙirarsa, alƙalumansa kuwa suka burge DePodesta.

Sakamakon ya rabu uku. Swisher ya yi shekara 12 a babbar gasa, ya fitar da ƙwallo wajen fili sau 245, ya kuma ci kofin World Series da Yankees a 2009. Blanton, mai jifa, ya yi nasara a wasanni 101, ya ci kofin da Philadelphia Phillies a 2008. Teahen ya yi wasa daga 2005 zuwa 2011, galibi a Kansas City Royals. Brown wasa biyar kawai ya buga a babbar gasa, a 2006, ya yi ritaya a 2008. McCurdy da Fritz da Obenchain ba su kai ba sam.

Ma'aunai huɗu

Ma'auni na farko shi ne mutum nawa suka kai babbar gasa. Huɗu cikin bakwai ba abin kunya ba ne, musamman da yake shida daga cikin guraben sun faɗo ne daga na 24 zuwa ƙasa, inda samun na kirki ke ƙara wuya.

Na biyu shi ne irin amfanin da suka yi. A yau manazarta na amfani da wani lissafi da ake kira WAR, wanda ke ƙiyasta yawan nasarorin da ɗan wasa ya ƙara wa ƙungiyarsa fiye da wanda za a iya ɗaukowa daga ƙaramin rukuni a araha. Da wannan lissafi, tauraro ɗaya na iya fin matsakaitan 'yan wasa huɗu ko biyar daraja. Oakland ta samu 'yan wasa biyu na kirki, amma ba ta samu babban tauraro ba.

Na uku shi ne waɗanda aka tsallake, kuma a nan ne masu sukar Beane suka fi samun abin faɗa. Nan da nan bayan Swisher, Phillies ta ɗauki ɗan sakandare Cole Hamels, wanda ya zama gwarzon World Series na 2008. Bayan Blanton, San Francisco Giants ta ɗauki Matt Cain, shi ma ɗan sakandare, wanda ya ci kofin da ita. Gurabe biyar bayan Teahen, Cincinnati Reds ta ɗauki Joey Votto daga Toronto, wanda ya zama gwarzon ɗan wasan rukuninsa a 2010. Jon Lester da Brian McCann ma a zagaye na biyu aka ɗauke su daga sakandare.

Sai dai kuma wannan ma'auni na buƙatar adalci, domin bayan an ga ƙarshen abu kowa malami ne. A zaɓen na 2002, Chris Gruler da aka ɗauka na uku da Clint Everts na biyar, dukkansu masu jifa ne daga sakandare, kuma babu wanda ya kai babbar gasa. A ɗaya ɓangaren, ɗalibin jami'ar da Pirates ta ɗauka na ɗaya, Bryan Bullington, wasa ɗaya tak ya yi nasara a cikinsa a babbar gasa. Ke nan babu ɓangaren da ya tsira daga asara.

Na huɗu shi ne kuɗi da musaya. Ɗan sakandare mai hazaƙa kan tsawwala farashi, tun da yana iya tafiya jami'a idan ba a biya shi ba, kuma Oakland ba ta da kuɗin biyan mutum bakwai irin wannan farashi. Brown ya amince da dala 350,000, ƙasa ƙwarai da abin da ake biya a gurbi irin nasa. Haka kuma ana lissafa abin da ƙungiya ta samu da ta yi musayar ɗan wasa: ta hanyar Teahen Oakland ta samo mai jifa Octavio Dotel a 2004, ta hanyar Swisher kuma ta samo Gio Gonzalez a 2008.

Akwai wani abu da akan manta. Ƙungiyar Oakland da ta ci wasa 103 a 2002, ciki har da 20 a jere, ta dogara ne ga zaɓen shekarun baya: Eric Chavez a 1996 daga sakandare, Tim Hudson a 1997, Mark Mulder a 1998 da Barry Zito a 1999. Masu farautar da aka soki idonsu suna da hannu a gano su.

Abin da ba ya aunuwa

Tarihin zaɓen cike yake da misalan da suka saɓa wa kowane lissafi. Mike Piazza shi ne na 1,390 a 1988, kuma Los Angeles Dodgers ta ɗauke shi ne don mutunta abotar mahaifinsa da kocinta Tommy Lasorda. A 2016 aka shigar da shi zauren gwarazan besbol da ke Cooperstown. Albert Pujols shi ne na 402 a 1999, ya kuma fitar da ƙwallo wajen fili sau 703. Mike Trout ya jira har gurbi na 25 a 2009.

Rauni ma na rusa shiri. Yankees ta ba Brien Taylor dala miliyan 1.55 bayan ta ɗauke shi na ɗaya a 1991, amma ya ji ciwo a kafaɗa a wani faɗa a 1993, kuma bai taɓa kaiwa babbar gasa ba. Wani lokacin kuma ɗan wasan ne ke sauya ra'ayi. Oakland ta ɗauki Kyler Murray a gurbi na tara a 2018, sai ya koma ƙwallon ƙafa irin ta Amurka.

Yadda lamarin yake a yanzu

Tun daga 2012 akwai iyaka kan jimillar kuɗin da kowace ƙungiya za ta kashe a zagaye 10 na farko, kuma wadda ta haura sosai takan biya tara, har ta rasa gurabe a gaba. Wannan ya sa wasu ke biyan ƙasa da ƙima a gurbi ɗaya domin su samu rarar da za su jawo ɗan sakandare mai tsada a wani gurbin. Don haka ake auna zaɓen ƙungiya a dunƙule, maimakon ɗaya bayan ɗaya.

Na'urori ma sun shigo. Ana auna saurin juyawar ƙwallo a iska da ƙarfin fitarta daga sanda, kuma tun 2021 MLB na tara matasan wuri guda don gwaji da binciken lafiya kafin zaɓe. Kusan kowace ƙungiya a yau tana da masu alƙaluma da masu farauta, suna aiki tare.

Akwai lokutan da sakamako kan fito da wuri. Pirates ta ɗauki Paul Skenes na ɗaya a 2023, ta ba shi dala miliyan 9.2, ya zama gwarzon sababbin 'yan wasa na rukuninsa a 2024, ya kuma ci kyautar Cy Young ta gwarzon mai jifa a 2025. Amma irinsa ba su da yawa. Mark Appel, wanda Houston Astros ta ɗauka na ɗaya a 2013, sai a 2022 ya buga wasansa na farko a babbar gasa, yana da shekara 30.

Ita kuwa Athletics ta bar birnin Oakland bayan kakar 2024, ta koma West Sacramento na wucin gadi, da shirin tarewa a Las Vegas.