Iyakar Nafaƙar ’Ya’ya Bayan Saki a Ƙasar Zazzau

Alƙalan Zazzau sun daɗe suna yanke hukuncin nafaƙa da Risalar Ibn Abi Zaid (ya rasu 386H) da Mukhtasar Khalil: uba zai ciyar da ɗa namiji har ya balaga yana mai ikon nema, mace kuwa har mijinta ya tare da ita. A zamanin noma da sana’ar gado, balaga da ikon nema tare suke zuwa. Yaɗuwar boko, musamman bayan buɗe Jami’ar Ahmadu Bello a Samaru a 1962, ta raba su. Saurayin Dogarawa kan balaga yana ɗalibi, nauyinsa ya faɗa kan uwar da aka saka. Hanafawa sun wajabta ciyar da ɗalibin ilimi ko ya balaga, kuma wannan ƙauli ya cancanci nazarin malamanmu. Wallahu a’alamu.