Rubutu Mai Tafiya: Daga Kasuwar Hannun Jari Zuwa Tsintsiyar Hannu



Duk mai kallon labarai a talabijin ya san layin rubutun nan da ke gudu a ƙasan allo. Yau har a fuskar agogon zamani ana sa shi. Da yawa na ɗauka ado ne, alhali larura ce ta haife shi: labari mai yawa, wuri kaɗan, lokaci kuma ba ya jira.

A 1867 wani Ba'amurke mai aikin wayar tangaraho, Edward Calahan, ya ƙera na'urar da ke buga farashin hannun jari a kan siririyar takarda mai tsawo. Ƙarar tik-tik da take yi ce ta sa aka kira ta tika. Kafin zuwanta, yara ne ke sheƙawa da gudu daga kasuwar hannun jari ta New York suna kai wa dillalai farashi. An dogara da ita sosai, har ranar 24 ga Oktoba 1929 da ciniki ya fi ƙarfinta ta makara da sa'o'i, mutane suka riƙa sayarwa ba su san ainihin farashi ba, tsoro ya ƙaru.

Shekara guda kafin nan, rubutun ya bar takarda ya koma haske. A Nuwamba 1928 jaridar New York Times ta kewaye gininta da ƙwayayen lantarki 14,800 masu kunnuwa bi da bi, sai haruffa su zama kamar suna tafiya. Da shi aka sanar da cewa Herbert Hoover ya ci zaɓen shugaban ƙasa.

A talabijin kuwa, ranar 11 ga Satumba 2001 ce ta kafa shi. Labarin harin ya yi wa masu gabatarwa yawa, sai Fox News da CNN suka saka layin a ƙasan allo. Tashin hankalin ya wuce, layin bai tafi ba. Abin da aka kawo don gaggawa ya zama na kullum.

A ƙarshen 2014 Google ya ba masu manhaja damar ƙera fuskar agogon Android Wear. A manhaja irin WatchMaker ana rubuta umarnin da yaren kwamfuta mai suna Lua, kuma dabarar ba ta da wuya: a ɗauki jimla, a nuna haruffa goma sha biyu na farko, a matsa gaba da harafi ɗaya, a maimaita, in an kai ƙarshe a koma farko. Mai rubutu da Hausa sai ya kula, don Lua ba haruffa yake ƙirgawa ba, gurbin ajiya yake ƙirgawa. Ƙ da ɗ da ɓ kowanne gurbi biyu yake ci, in yankan ya faɗa tsakiya sai harafin ya fito a lalace.

Sai maganar batir. Rubutu ba ya tafiya sai an sake zana allo akai-akai, kowane zane kuma caji ne. Shi ya sa idan agogo ya dushe, sau ɗaya a minti yake sabunta fuskarsa, rubutun ya tsaya cak.

Batir ana cajinsa, amma hankalin da aka ɗauke fa? Ido ba ya iya ƙyale abu mai motsi. Dillalan New York suna barin tika a ofis su tafi gida, mai agogo kuwa da tasa yake kwana. Saboda haka kafin ka sa rubutu ya yi tafiya a hannunka, tambayi kanka ko saƙon ya kai a katse maka tunani dominsa. In bai kai ba, bar shi a tsaye.

Wane saƙo kuke ganin ya cancanta? Sai mun ji daga gare ku. Allah Ya kai mu mako mai zuwa.