Yadda Likitocin Ingila Suka Tona Asirin Taba

Duk wanda ya sayi kwalin sigari a yau, ko a Kumasi yake, ko a Jidda, ko a Landan, zai ga gargaɗi a jikinsa cewa abin da ke ciki yana halaka mai shansa. Mai karatu yana iya zaton tun fil azal haka aka san taba. Alhali kuwa ta yi shekara fiye da 450 tana zaga duniya, da farko ma da sunan magani, kafin a sami hujjar da ta kama ta dumu-dumu.

Ita dai taba asalinta daga nahiyar Amurka take. A shekarar 1492 mutanen Kolumbus suka tarar da mazauna tsibirin Kyuba suna naɗe busasshen ganye, su kunna masa wuta, su zuƙi hayaƙinsa. Wajen 1560 jakadan Faransa a Fotugal, Jean Nicot, ya aika da ganyen zuwa fadar ƙasarsu yana yabonsa, kuma daga sunansa aka samo kalmar nikotin. A 1571 wani likitan ƙasar Sifen, Nicolas Monardes, ya rubuta cewa taba tana warkar da cututtuka fiye da 30. Ba kowa ne ya yarda ba. Sarkin Ingila James na Ɗaya ya kushe ta a 1604, ya ɗora mata haraji mai nauyi, shi kuwa Sarkin Santambul Murad na Huɗu ya hana shanta a 1633, har yana kashe masu karya dokar. Malaman Musulunci ma sun yi saɓani a kanta, kuma Shehu Ahmad Baba na Tambutu yana cikin waɗanda suka halatta ta. Amma duk gardamar nan a kan addini da ɗabi'a aka yi ta, babu mai hujjar likitanci a hannu.

Abin da ya canja al'amarin shi ne inji. A 1881 wani Ba'amurke, James Bonsack, ya yi rajistar na'urar da ke naɗe kara 200 a minti ɗaya, alhali gwanin naɗi da hannu bai wuce kara huɗu ko biyar ba. Sigari ta yi arha, ga ta da sauƙin ɗauka, hayaƙinta kuma ya fi na lofe laushi, saboda haka mutane suka riƙa zuƙarsa har cikin huhu. A yaƙin duniya na ɗaya da na biyu an riƙa haɗa ta cikin guzurin sojoji, suka koma gida da ita. Zuwa ƙarshen shekarun 1940 kusan maza takwas cikin goma a Biritaniya suna shan taba.

To, sai wata cuta ta fara bayyana. A 1912 wani likita a Amurka, Isaac Adler, ya tattara labarin masu ciwon dajin huhu daga littattafan likitoci, ya sami 374 kacal. Amma a Ingila da Wales waɗanda cutar ta kashe sun tashi daga 612 a 1922 zuwa 9,287 a 1947. Ba a gane dalilin da wuri ba, domin cutar ba ta fitowa sai mutum ya yi shekara 20 ko 30 yana sha, kuma abin da kowa ke yi ba a cika zarginsa ba. Wani likitan Jamus, Franz Müller, ya nuna alaƙar tun 1939, amma yaƙi ya binne aikinsa.

Hukumar binciken likitanci ta Biritaniya ta ɗora wa Austin Bradford Hill, masanin ƙididdiga, aikin gano dalilin, shi kuma ya ɗauki wani matashin likita, Richard Doll. Shi Doll da farko kwaltar titi da hayaƙin motoci yake zargi. Suka sa aka yi wa majiyyata tambayoyi a asibitoci 20 na Landan. Cikin maza 649 masu ciwon dajin huhu, biyu ne kaɗai ba su shan taba, cikin wasu 649 masu waɗansu cututtuka dabam kuwa 27 ne. Doll mashayi ne, amma tun kafin a gama aikin ya jefar da ita. Aka buga sakamakon a watan Satumba na 1950, shekarar da Ernst Wynder da Evarts Graham suka buga irinsa a Amurka. Graham, wanda ya daɗe yana sha, ciwon dajin huhu ne ya yi ajalinsa a 1957.

Masu shakka suka ce ai mara lafiya yana iya ƙara gishiri in an tambaye shi abin da ya wuce. Sai Doll da Hill suka sake dabara: a tambayi mutane tun suna da lafiya, sa'an nan a jira a ga abin da zai kashe su. Suka zaɓi likitoci, domin sunan kowane likita yana cikin rajista, ba ya ɓacewa. A watan Oktoba na 1951 suka aika wa likitoci kusan 60,000 takarda, kimanin 40,000 suka amsa. Zuwa 1954 alama ta fito, zuwa 1956 ta tabbata: gwargwadon yawan karan da mutum ke sha, gwargwadon haɗarinsa. Da likitoci suka ga 'yan'uwansu ne ke mutuwa, sai suka shiga dainawa, domin gani ya kori ji.

Hukumomi kuwa sun yi jan ƙafa. A 1954 ministan lafiya na Biritaniya, Iain Macleod, ya sanar da manema labarai alaƙar nan yana kunna kara bayan kara. A wannan shekarar kamfanonin taba na Amurka suka buga sanarwa a jaridu fiye da 400 cewa ba a tabbatar da kome ba tukuna. Sai a 1962 ƙungiyar manyan likitocin Landan ta fito da rahotonta, a Janairun 1964 kuma babban likitan gwamnatin Amurka, Luther Terry, ya fito da nasa. Biritaniya ta hana tallar sigari a talabijin a 1965, Amurka ta bi sahu a 1971.

Me ya sa miliyoyin mutane suka ci gaba da sha bayan sun ji? Amsar tana ga nikotin. In an zuƙi hayaƙi, cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 ya kai ƙwaƙwalwa, ya sa ta saki sinadarin da ke kawo jin daɗi. A kwana a tashi ƙwaƙwalwa ta saba, in ba ta samu ba sai ƙunci da saurin fushi da rashin natsuwa. Hausawa sun ce sabo turken wawa, sai dai wannan turke har masu ilimi ya ɗaure. Nikotin ne ke riƙe mutum, kwalta da sauran dafin hayaƙin su ne ke kawo ciwon daji da na zuciya da toshewar numfashi. Tun 1963 lauyan kamfanin Brown & Williamson ya rubuta a asirce cewa nikotin yana kama mutum, kuma shi ne hajarsu. Duk da haka a Afrilun 1994 shugabannin kamfanoni bakwai suka yi rantsuwa gaban majalisar dokokin Amurka cewa ba su yarda yana kamawa ba. Cikin wannan shekarar takardunsu na asiri suka fara fita, aka ga ramin ƙarya ƙurarre ne.

A 2004 Doll, yana da shekara 91, ya buga sakamakon bin likitocin nan na shekara 50. Mashaya sun rasa kimanin shekara 10 na rayuwarsu, kuma wajen rabin waɗanda ba su daina ba taba ce ta kashe su. Amma wanda ya daina yana da shekara 60 ya ceci kamar shekara 3, mai 50 ya ceci 6, mai 40 ya ceci 9, mai 30 kuwa kusan dukan goman.

Yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya kan taba ta fara aiki a 2005, shekarar da Doll ya rasu. Har wa yau hukumar tana ƙiyasta cewa taba tana kashe mutum fiye da miliyan 7 kowace shekara, kuma kashi 80 cikin ɗari na masu amfani da ita suna ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki. Tun da cutar ba ta nuna kanta sai bayan shekara 20 ko 30, yaron da ya sayi kara ɗaya a wurin mai tebur a bana, sai ya zama magidanci mai iyali sa'an nan za ta zo karɓar bashinta. Likitocin Ingila sun biya kuɗin wannan ilimi da rayukansu, ba sai kowace al'umma ta sake biya ba.